Farin Ƙyalle a Ƙofar Yaya

A kwarinmu hanya ɗaya ce. Ta taso daga gada, ta ratsa gidaje da gonaki tana lanƙwasa kamar macijin da ya ƙoshi, ta je ta mutu a gindin gandun daji. Gida na ƙarshe kafin gandun shi ne na yayana. Na yi ƙuruciyata ina jan manyan motoci, na ga garuruwa iri-iri, abin da na tsinta kuwa shi ne, garin da hanyarsa ɗaya ce, ranar masifa da mai shiga da mai fita duk ta maƙogwaro ɗaya za su bi.

Gobarar daji ba baƙuwarmu ba ce. Idan rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe har tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, kowa kunnensa na kan rediyo, idonsa na kan tudu. A wata babbar gobara da aka yi shekarun baya, saura ƙiris 'yan kwana-kwana su rasa mutanensu wajen buga ƙofofin gidajen da masu su sun daɗe da tserewa. Bayan ta lafa aka zauna a makaranta aka yi shawara: duk gidan da mutanensa suka fice kaf, na ƙarshen fita ya ɗaure farin ƙyalle a ƙofa. Ƙofar da ke da ƙyalle a wuce, wadda babu a tsaya. Telan bakin gada ne ya yanka bandir guda na farin yadi, ya bi kowane ƙyalle ya kalmashe bakinsa da keke don kada ya zare, ya raba gida-gida kyauta. Ni kuma da yake ina da tsohuwar motar kaya, aka ɗora min shara. In an ce a fita, sai in haura har ƙarshen hanya ina danna hon, in gangaro ina kwasar tsofaffi da marasa abin hawa.

Dabarar ta yi aiki, har bara.

Bara aka ce a fita, muka fita. Muka kwana a azuzuwan makaranta, a tsallaken kogi, sauro na wasa da mu. Iska ta juya, wutar ta yi wani gefen, ko ganye ɗaya bai ƙone a kwarin ba. Da Yaya ya koma gida ya tarar da garkensa wayam, sai igiyoyi a turke. Ashe ƙyallen da ke gaya wa 'yan kwana-kwana ba kowa a gida, shi ne ya gaya wa ɓarayi. Tumakin da ya yi rabin rayuwarsa yana tarawa, aka loda su a mota da rana tsaka. Bai yi kuka ba, bai yi zagi ba. Ya tsaya ya dubi ƙyallen nan, ya ce, "Ashe katin gayyata na rataya musu."

Daga nan ya fara tara wasu, yau tunkiya, gobe ɗan rago. Ya sayi ƙaton kwaɗo, ko shago zai leƙa sai ya danna wa ƙofa. Ya kafa famfon lantarki a rijiya, ya ja doguwar mesa har bakin garke. Duk sanda aka yi maganar gobara a rediyo sai ya yi tsaki ya murɗe ta. Nakan ce masa, "Yaya, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Kai kuma naka tsumman ne ya sare ka." Sai ya ce, "Auta, ka iya bakinka. Na goya ka kana fitsari a bayana." Gemuna ya yi fari fat, amma a wajensa har gobe Auta nake.

Ranar da abin ya faru, tun da safe rediyo ke cewa wuta na bayan tudu, kowa ya haɗa abin da zai iya ɗauka. Saƙo ya yi ta shigowa waya. Kafin rana ta take, wayoyin suka mutu gaba ɗaya, ashe wutar ta cinye ƙarfen sabis da ke kan tudu. Ba a jima ba lantarki ya bi bayansa. Sai ga shugaban 'yan kwana-kwana, wanda muke kira Ofisa, a bakin gada da lasifika a hannu, muryarsa har ta dushe: a fita, a fita yanzu, ba irin ta bara ba ce.

Na tayar da mota na haura. Sama ta yi wani irin ja kamar tsatsa, rana ta koma kamar ƙwayar idon mara lafiya, kana iya kallonta kai tsaye. Toka na sauka a gilashi, in na share da hannu sai ta bar baƙin layi. Mutane na gangarowa a kan babura da kekuna, wani da katifa a ka, wata da tukunya a hannu ɗaya, jariri a ɗayan. Ina tafe ina duba ƙofofi: ƙyalle, ƙyalle, ƙyalle. Inda babu na tsaya. Wata tsohuwa ta ce ba za ta hau ba sai da kajinta, muka bi su muna kamawa, tana faɗa min wai na riƙe zakaranta kamar ɓarawo.

Da na iso gidan Yaya, hayaƙi ya riga ya cika gandun, ana jin rurin wutar kamar jerin manyan motoci a kan gada. Ƙofarsa ta ƙarfe a rufe gam, farin ƙyalle na kaɗawa a jikinta. Na danna hon, na juya mota. Har daɗi na ji a raina, na ce yau dai taurin kai ya yi laushi. Na ɗauka ya kora tumakin ta hanyar ƙafa da ke bin gaɓar kogi.

Filin ƙwallon makaranta ya cika da jama'a da kaya da kukan yara. Ina sauke tsohuwar nan da kajinta sai ga matar Yaya tana ɗingisowa. Tun da safe ta tsallaka gada zuwa asibiti saboda ciwon gwiwarta, aka rufe hanya tana can. Ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

Ta ce, "Miji na biyu, ina ka baro min na farkon?"

Na ce, "Ai ya riga ni fitowa. Ki duba wajen kogi, yana can yana yi wa tumaki huɗuba."

"Na duba. Babu shi, babu tumaki."

"To yana hanya. Ƙyallensa na ƙofa, da idona na gani."

Ta tsura min ido. Wasan ya bar fuskarta.

"Kwaɗo fa?"

"Wane kwaɗo?"

"Auta, mutumin da ko gishiri zai sayo sai ya danna wa ƙofar nan kwaɗo, shi ne zai bar gida ya tafi haka? Ka ga kwaɗo a waje ko ba ka gani ba?"

Na rufe ido na sake kallon ƙofar a zuciyata. Ga ƙyalle. Ga mariƙin kwaɗo, wayam. Ƙofar kuwa ta haɗe gam, kuma ƙofar Yaya ba ta haɗewa haka sai an zura mata sakata. Sakatar a ciki take.

Matar Yaya ta ga amsar a fuskata. Ta dafe kai ta zauna a ƙasa, ta ce, "Ya ɗaura ne don kada ka matsa masa. Ya san in ka shiga sai ka ɗauko shi ko da tsiya."

Na ruga bakin gada. Tankar ruwa ɗaya tak aka ba kwarinmu a ranar, sauran suna can wajen garuruwan bayan tudu. Ofisa ya tsayar da ita a layin bakin gada, inda gidaje suke manne da juna, da shagon Tela, da injin niƙa. Iska na kwaso garwashi daga nesa tana watsawa a kan rufi, mutanensa na bi da mesa suna kashewa kafin ya kama. Da alama za su ci nasara. Tela na tsaye a tsakiyar gada, ya rungume kan kekensa na ɗinki, shi kaɗai ya samu ya ɗauko.

Na ce, "Ofisa, akwai mutum a gidan ƙarshe."

Ya juyo, fuskarsa baƙi ƙirin da hayaƙi. "Baba, ba kai ka ce min ka share hanya ba?"

"Na share. Yayana ne. Ya ɗaura ƙyalle ya kulle kansa a ciki."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba. Amma babu kwaɗo a ƙofar."

"Babu kwaɗo!" Ya buga lasifikar a cinyarsa. "In kwashe mutanena in cusa su cikin wancan abin saboda babu kwaɗo? Mun yi alkawari da ku. Ƙyalle ya ce ba kowa. In ƙyalle ya fara ƙarya, da me zan yi aiki?"

Na ce, "Gaskiyarka. Ka buɗe min hanya in je da motata."

"Motarka? Bodin katako da tamfol? Ai itace za ka kai wa wutar. In bar ka ka je, gawa biyu zan kwaso maimakon ɗaya."

Ya dubi layin, ya dubi hanyar da ta haura cikin hayaƙi. Kowa a wajen ya san lissafin da yake yi. In tankar ta bar layin nan, ba mai kashe garwashin. Tela ne ya matso. Ya gyara rungumar kekensa, ya ce, "Me kuke jira? Mutum ne fa."

Ofisa ya tofar da yawu baƙi, ya ce a naɗe mesa.

Ni na zauna kusa da direban tankar, don hayaƙin ya kai inda fitila ba ta huda shi. Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. Ina ce masa, ɗan karkata dama, akwai rami, yanzu kwana za ta zo, rage. Gilashi ya yi zafi har ba a iya dafa shi. Wata barewa ta fito daga hayaƙin ta bi gefenmu a guje, bayanta na turiri. Direban ya ce, "Baba, dabba na gudu ta nan, mu muna shiga. Wa ya fi hankali tsakaninmu?" Na ce, "Ka tambayi yayana in mun same shi."

Itatuwan bakin ƙofar Yaya sun riga sun kama. Rumfar ciyawarsa na ci bal-bal, iska na tura harshen wutar kan rufin gida. Sai da suka buɗe ruwa a kan itatuwan kafin a iya matsawa kusa. Wani ƙato a cikinsu ya sa gatari ya ɓalle sakatar. Ina shigewa na fizge ƙyallen daga ƙofa, ban ma san na yi ba.

Tumakin sun dunƙule a lungu ɗaya, suna hawan juna. Yaya na kwance a gefen kwamin ruwansu, ya lulluɓa da jiƙaƙƙen bargo, mesarsa a hannu, ko ɗigo babu a cikinta. Duk shirinsa a kan famfon nan ya ɗora shi, bai kawo a ransa cewa gobara lantarki take fara ci ba. Da ruwa ya ɗauke ya koma ɗiba da bokiti, har hayaƙi ya kayar da shi.

Na tsoma ƙyallen a kwami na rufe masa hanci da baki. Na girgiza shi. "Yaya! Yaya!"

Ya buɗe jajayen idanu, ya yi tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Wa ya ce ku fasa min ƙofa?"

Ƙaton nan ya ce, "Baba, in mun fita ka kai ƙara." Ya saɓa shi a kafaɗa kamar buhu. Yaya na dukan bayansa yana cewa tumaki, tumaki. Na zagaya na buɗe ƙofar baya da ke kallon gonar da aka yi wa huɗa, inda babu abin da wuta za ta ci, tumakin suka kwarara waje.

Kafin nan wuta ta tare bakin ƙofa ta inda muka shigo. Ofisa ya ce a juye duk abin da ya rage. Suka yi wa rumfar da bangon gida da rufin wanka har tankar ta fara tarin iska, sannan muka samu hanyar fita. Muka gangaro tanki wayam.

Tun kafin mu iso gada muka hango. Layin ya kama daga wannan kai zuwa wancan. Rufin injin niƙa ya rufta, shagon Tela na fitar da wani hayaƙi mai launi-launi, na yadin mutane da ke ciki. Tankar ta ratsa ta gabansu, mutanen Ofisa na zaune a kanta, mesa a naɗe, babu abin da za su zuba. A tsallaken gada jama'a sun yi cirko-cirko suna kallo. Ba wanda ya yi ihu da ya ga mun kawo Yaya da rai. Matarsa ce kaɗai ta taho tana ɗingishi, ta kama ƙafarsa ta riƙe.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A kwarinmu ba haka ta kasance ba. Da wutar ta wuce aka koma, gidan Yaya na tsaye, bango ya yi baƙi amma ko taga ba ta fashe ba, saboda ruwan da aka juye masa. Tumakin ma aka same su a gona suna tsintar abin da ya rage. Mutanen layin gada kuwa suka ci gaba da kwana a azuzuwa, suna wanki a famfon makaranta.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar da na fara ji a bakin mutane. Wani ya ce, "Ka ga dabara. Wanda ya zauna shi aka kai wa ruwa." Wani ya ce baɗi shi ma ba inda za shi. Da Ofisa ya zo makaranta ya tara mu, bai ɗaga murya ba. Ya ce daga yau ba ruwansa da ƙyalle, kowace ƙofa sai an buga, sai an shiga an duba ɗaki-ɗaki. Sannan ya dube ni, ya ce, "Baba, kai ka san tsawon hanyar nan, ka kuma san gudun wuta. Ka gaya musu ko za mu kai gidan ƙarshe." Ban gaya musu ba. Sun sani.

Yaya ya daɗe a asibiti. Hayaƙin ya ƙona masa maƙogwaro, muryar nan da ke tsayar da rago daga nesa ta koma kamar ana jan takarda a ƙasa. 'Yan dubiya ba su yi yawa ba. Matarsa na zaune a gefen gado tana yi masa fifita, tana yi masa faɗa a hankali, faɗan da ba ya ƙarewa. Ƙyallen nan kuwa yana rataye a ƙarfen gado, tun ranar da aka cire shi daga fuskarsa. Ya yi baƙi, gefe ɗaya ya babbake. Ba wanda ya yi tunanin jefar da shi.

Wata rana da hantsi ina wajen sai ga Tela ya yi sallama. Rigar jikinsa ta aro ce, hannun ya wuce yatsunsa. Matar Yaya ta miƙe da sauri ta ba shi kujera, ya ce a'a, ba zama zai yi ba.

"Ya jiki?"

Yaya ya motsa baki, da ƙyar aka ji. "Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. An ce tumaki sun tsira."

Yaya ya kawar da kai wajen bango.

Na ce, "Tela, mun rasa bakin da za mu yi maka magana. Gidan Yaya akwai ɗakuna, ku dawo can da iyali kafin a ga abin da Allah zai yi."

Ya ce, "Na gode. Maƙwabtana fa? Ɗakunan za su ɗauke mu duka?" Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya juya wajen gadon. "Ni ba wannan ya kawo ni ba. Ranar nan ni na ce a je, kuma ko yau aka sake, haka zan ce. Ƙyallena na zo karɓa."

Matar Yaya ta dube ni, na dubi ƙasa.

Yaya ya ɗaga hannu, ya laluba ƙarfen gado, ya warware ƙyallen da kansa. Ya miƙa. Bakinsa ya buɗe kamar zai ce wani abu, sai tari ya sarƙe shi.

Tela ya jira har tarin ya lafa. Ya karɓa, ya karkaɗe tokar, ya bi bakin da ya kalmashe da babban yatsa, ɗinkin bai zare ba. Ya ninke shi gida huɗu kamar yadda yake ninke kayan mutane, ya sa a aljihun rigar aro, ya yi mana sai anjima.

Muna jin takunsa har ya fita baranda. Yaya na kallon ƙarfen gadon inda ƙyallen yake a da. Can ya ce, "Auta."

Na matsa na kai kunnena bakinsa.

Sai ya riƙe min hannun riga, ya ƙi saki.